Sunan Takebbe

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyarwa a firamare a nan Tambuwal, kuma kowace safiya da kiran suna nake farawa. Na ga zamanin da aji guda zai tara A'isha biyar, sai mun raba su da sunan uba ko na unguwa. Na ga zamanin da sunaye suka fara zuwa daga talabijin, daga baya daga waya, irin waɗanda uwar yarinyar ma sai ta yi gyaran murya kafin ta furta. Suna ya yi tashe shekara uku ya kwanta, wani ya taso. Ni dai nawa kira ne, yarinya ta ɗaga hannu in wuce ta gaba. Ban taɓa zaton akwai ranar da za a tambaye ni suna ɗaya tak in kasa kawo shi ba.

Ranar ta zo shekara biyu da suka wuce, da matar ɗana Bashiru ta haifi 'ya mace. Kwana biyu da haihuwa ya shigo ɗakina ya durƙusa, ya ce ya bar mini zaɓin suna. Ban tsaya wani tunani ba na ce a sa mata sunan kakata, mahaifiyar babana, wadda a ɗakinta na tashi. Ya ce to madalla, mene ne sunan? Na buɗe baki na ce Takebbe. Ya dubi tabarma, sannan ya ce, "Mama, ai ba a yanka rago da wannan."

Gaskiya ya faɗa. Takebbe ba suna ba ne, kwatance ne kawai: matar da aka auro daga Kebbe. Haka dangin miji suka kira ta tun ranar da aka kawo ta, haka unguwa ta ɗauka. Kakana bai taɓa kiran ta da komai ba sai "ke". Babana da 'yan'uwansa Inna suke cewa. Yayata da aka haifa kafin ni an sa mata sunan tsohuwar, amma ba ta yi arba'in a duniya ba, kuma ko a bakin mahaifiyata ban taɓa jin an ce da ita komai ba sai "mai sunan Inna". Duk waɗanda suka san sunan sun riga mu gidan gaskiya, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Kunya ta rufe ni a gaban ɗana. Saura kwana biyar suna, ga ni malama guda ban san sunan matar da ta goya ni ba.

Abin da na sani nata shi ne maraicenta. Bayan an yi sallar magariba an ci tuwo, ba ta barin wutar murhu ta mutu. Sai ta ƙara karan dawa biyu uku, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta zube mana kwaryar gyaɗa a tsakiya. Tatsuniyar Takebbe ba kyauta ba ce, sai da ɓarar gyaɗa, domin ƙuli-ƙuli take yi. Wanda hannunsa ya tsaya, labari ya tsaya. Wanda kuma ta kama yana kai gyaɗar baki, sai ta ce ai ga kurar cikin labarin nan zaune tare da mu. Mu wajen bakwai ne, jikoki da 'ya'yan maƙwabta. Har yau in na ji ƙaurin karan dawa a wuta sai in ji kamar ɓawon gyaɗa na sukar cinyata.

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga wata nan tafe da kayanta, ku matsa mata wuri." Mu kuma mu ce, "Ta zauna." Tana da na gizo, tana da na kura, amma akwai guda ɗaya da take yawan komawa gare ta, har muka fara ƙorafi. In muka ce mun gaji da ita sai ta ce, "To ku ba ni gyaɗata, ku tashi." Sai mu zauna.

Ga yadda take. Wai an yi wata yarinya 'yar fari a wurin uwarta. Da yake 'yar fari ce, uwar ba ta faɗin sunanta, ko kallon ta ba ta cika yi ba a gaban mutane. Uban "ke" yake ce mata. Mutanen gari kuwa kowa da abin da ya laƙaba mata: wannan ya ce Mai-tulu, wancan ya ce Doguwa, wata ta ce 'Yar-gidan-gabas. Yarinya ta saba, kowanne aka kira sai ta waiwaya. Wata rana ta dawo daga ɗiban ruwa, rana ta yi zafi, ta sauke tulu ta jingina da wata tsohuwar kuka mai kogo. Kuka ta buɗe ta haɗiye ta. Yarinya ta yi ta kuka tana cewa a sake ta. Itaciyar ta ce mata duk abin da aka ajiye a gindinta ba shi da suna, nata ne. Yarinya ta ce ai tana da suna, da rago aka yanka mata. Kuka ta ce to, a zo a kira ta da shi, in an kira daidai za ta buɗe.

Gari ya taru. Mai cewa Mai-tulu ya kira, shiru. Mai cewa Doguwa ya kira, shiru. Aka tuna akwai maroƙin da ya yi shela ranar sunanta, aka ɗauko shi, ya tsufa, ya ce yana jin kamar Karimatu ne. Ya cika baki ya kira Karimatu. Kuka ta ƙara kauri taki guda. Ashe duk kiran da aka yi ba daidai ba sai ta ƙara kauri, muryar yarinyar tana ƙara nisa. Aka waiwaya ga uwar. Tana tsaye da sunan a bakinta, ga surukai, ga dattawan gari, kowa ya zuba mata ido. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

A nan Takebbe take tsayawa. Sai ta tura kara cikin wuta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, uwa ta kasa. Ɗiyar mutane tana ciki, numfashinta shina ƙarewa. Ku mi kuka jira? Ku kiraye ta mana. Ƙaribatu a sunanta."

Sai mu kwashe da ihu, kowa da irin nasa. Rabinmu Karimatu muke cewa, don shi kunnenmu ya saba da shi, akwai su biyu a layinmu. Wasu kuma da gangan suke ɓatawa don su ji faɗanta. Faɗan kuwa ba ya ƙin zuwa.

"Kai, ku ji su awa awaki! Kun ƙara mata kauri. Wa yac ce muku Karimatu? Ƙa, daga can maƙoshi, awa za ku ce ƙasa. Kuma ku ja ri ɗin, kak ku datse shi. Ba ma ba ne, ba na. Ƙa-rii-ba-tu. Ku sake."

Mu sake, ta ce saura kaɗan. Wani maraicen sai mun kira sau fuɗu, inji ta, kafin kuka ta yarda. Ranar da muka haɗa baki muka faɗe shi daidai, sai ta lumshe ido, ta ɗan karkata kai, ta ce, "Na'am." A hankali take faɗa, ba da muryar da take yi wa gizo ko kura ba. Daga nan kuka ta tsage, yarinya ta fito ta ɗauki tulunta, ruwan ko zubewa bai yi ba. Takebbe ta tattara kwaryarta ta ce, "Na ɗaure ta nan. Kowa shi kwashe ɓawonai." Kafin a kira isha'i an watse.

Abu biyu na tuna waɗanda a lokacin ban ba su muhimmanci ba. Na farko, duk sanda muka zo wurin kiran nan, mahaifiyata sai ta tashi ta shige ɗaki kamar ta manta wani abu. Wata rana kuma babana ya shigo daidai muna ihun, ya tsaya turus, ya daka mana tsawa, "Kai! Wane irin rashin kunya ne wannan?" Takebbe ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Ƙyale su, Umaru. Tatsuniya ta." Ya juya ya fita. Mu a zatonmu hayaniya ce ta dame shi.

Na biyu, ni da bakina ba ya shiru, na taɓa tambayar ta ko daga baya uwar ta kira 'yar tata. Ta daɗe tana juya garwashi. Sannan ta ce, "Luba, ke dai akwai tsiwa. Uwa tana nan tsaye inda munka bar ta." Na ce har yau? Ta ce, "Hal yau." Ba ta yi dariya ba, ni ma sai na ji ba na son ƙara tambaya.

Duk wannan yana cikin kaina, amma a ajiye yake wuri guda da gizo da ƙoƙi. Ban taɓa haɗa shi da komai ba. Cikin duk rajistar da na riƙe ban taɓa cin karo da Ƙaribatu ko guda ba, saboda haka na ɗauka irin sunayen tatsuniya ne da ake ƙirƙira don daɗin baki.

Kwana uku kafin suna na ce wa Bashiru ya kai ni Kebbe. Akwai saura mutum ɗaya a dangin Takebbe, Kawu Modi, ɗan ƙaninta, a wani ƙauye gaba da garin. Ba zan ɓata baki kan hanyar ba, wanda ya bi ta ya sani. Mota ta kai mu inda za ta iya, babur ya ƙarasa da mu, na sauka ƙuguna kamar ba nawa ba. Muka tarar da Kawu Modi a ƙarƙashin rumfa, yanar ido ta rufe masa gani, sai da na faɗi sunan babana sau biyu ya gane ni. Da na gaya masa abin da ya kawo mu ya yi dariya har da tari.

"Ɗiyata, kin yi tafiyar banza. Ni Goggo nika ce mata, ubana Adda shika cewa. Wa zai kama sunan babba shi faɗi? Amma tsaya. Kakanmu malami na, duk ɗan da anka haifa mai shina rubutawa."

Ya sa aka ɗauko wata tsohuwar gafaka. A bayan littafin da ke ciki akwai takarda guda, ta yi ja don tsufa, da sunayen 'ya'ya jere da tawadar allo. Na farko a jerin ita ce, don ita ce 'yar fari. Ban san haka ba sai ranar. Sai dai gara ta riga mu zuwa. Ta cinye kan harafin farko, ta bar ɗigo ɗaya a sama da sauran sunan.

Bashiru, da yake ɗan Islamiyya ne, ya karɓa da ƙarfin gwiwa ya ce ɗigo ɗaya a sama ai harafin fa ne, sunan Faribatu. Kawu Modi ya ce, "Yaro, wannan karatunku na na zamani. Ga rubutunmu na allo fa ɗigonta ƙasa shike. Ɗigo guda bisa, ko ƙaf ko gaini." Ya yi lissafi da leɓe, sannan ya yanke hukunci: Garibatu. Ya ce ma'anarsa baƙuwa, kuma ya dace da ita, tunda an kai ta Tambuwal tana ƙarama, ta rayu can ta mutu can ana kiran ta da sunan garin da ta baro. Bashiru ya ciro waya ya duba duka biyun, ya ce babu ko ɗaya a jerin sunayen da ake sa wa yara yanzu. Suka shiga gardama, tsoho da ba ya gani da yaro da ke ganin rabin harafi.

Ni tun daga "ribatu" na daina jin su. Ƙaurin karan dawa kawai nake ji. Na ga mahaifiyata tana tashi tana shigewa ɗaki, na ga babana tsaye turus a bakin ƙofa. Na ce, "Ƙaf ne." Suka juyo. Na ce, "Ƙaribatu. A ja ri ɗin." Kawu Modi ya maimaita a hankali, ya ce to wannan kuma ta kusa ke nan, makusanciya. Ya tambaye ni wa ya gaya mini. Na ce ita da kanta, sau ɗari, ni ce ban ji ba. Na yi kuka a wurin nan, kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita.

Da muka dawo, mai jegon, Sa'adatu, ba ta yi murna ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta riga ta tanadi nata sunan mai daɗi da ta gani a waya. Cikin ladabi ta ce, "Mama, ba ƙi nake ba, amma ba wanda ya san shi. Duk inda ta je sai ta yi ta gyara wa mutane." Na ce haka ne. Ban da wata hujja da zan ba ta, sai dai na ce ina roƙo. Daga baya ta ce Allah Ya raya.

Ranar suna da safe maza suka taru a ƙofar gida, mu mata muna ciki muna jira. Na riga na rubuta wa Bashiru sunan da manyan baƙaƙe, na sa ya maimaita mini sau uku. Aka yi addu'a aka shafa. Sai muka ji maroƙi ya ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji: "Sunan jaririya Karimatu! Allah Shi raya Karimatu!" Mata suka ɗauki guɗa.

Na san abin da ya faru. Liman ya faɗa daidai a hankali, kunnen maroƙi ya gyara masa zuwa sunan da ya sani. Na jira in ji Bashiru ya yi magana, ban ji ba, yaro ne a gaban surukansa da abokan ubansa. Na dubi matan da ke kusa da ni, wata ta ce, "Ai duk ɗaya ne, Malama." Ni kuwa na san ba ɗaya ba ne. In aka watse a haka, shi ke nan ya bi gari. Mace mai shekaruna ba ta leƙa taron maza, balle ta ɗaga murya, balle kuma da sunan kakarta a baki. Na ji zuciyata na cewa in bari, a gyara daga baya. Sai na tuna wadda ke tsaye gaban kuka da mayafi a fuska.

Na ja mayafina na shiga zaure, na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Ba Karimatu ba ne. Ƙaribatu ne." Maroƙi ya ce, "Hajiya, mi kinka ce?" Na sake faɗa, gaɓa gaɓa, kamar ina gaban 'yan aji ɗaya. Wani dattijo ya yi gyaran murya irin ta rashin jin daɗi. Liman ya ce gaskiyarta, haka aka raɗa. Maroƙi ya sake shela, wannan karon daidai, har da jan ri ɗin fiye da kima don ya ba mutane dariya. Na koma ciki. An yi mako ana maganata a unguwa.

Da a tatsuniya ne da nan kuka ta tsage kowa ya huta. Amma katin asibiti Karimatu aka rubuta, na koma aka gyara, aka mayar da shi Karibatu, wai na'urarsu ba ta da ƙa mai lanƙwasa. Maƙwabta kuwa tun kafin a ci naman suna suka ce ai sunan tsohuwa ne, ba a faɗi, suka laƙaba mata Ummi. Sa'adatu kuwa, jaririyar 'yar fari ce gare ta, ko da tana so ba za ta kira ba. Bashiru ma Ummi yake cewa. Wato na sha hanyar Kebbe, na zubar da girmana a zaure, na ciro sunan daga bakin gara, cikin mako guda aka sake naɗe shi aka mayar gafaka. Wani lokaci in na gyara wa mutum sai in ga yana kallo na kamar mai neman rigima. Na gaji, ba zan ɓoye ba. Akwai ranakun da nake jin an ce Karimatu in yi kamar ban ji ba.

Ba na cewa kunya laifi ce. Da ita aka raine ni, kuma ni ma har yau ban taɓa kiran babban ɗana da sunansa ba, Bashiru na biyu ne. Girmamawa ce ta sa kowa ya ɓoye sunan Takebbe. Sai dai ina yawan tunanin yadda mace za ta yi shekara sittin a gida cike da mutanen da ke ganin girmanta, ba wanda ya taɓa kiran ta yadda aka raɗa mata, har sai ta tara yara da kwaryar gyaɗa ta koya musu. Ina kuma tuna yaran da suka wuce ta hannuna, waɗanda na karanta sunansu yadda ya zo mini a baki, suka ɗaga hannu don ba su da yadda za su yi. Ban san ko nawa ne ba.

Yanzu yarinyar ta shekara biyu. Ba murhu a gidan Bashiru, da gas suke girki, kuma ba ta kai jin tatsuniya ba. Amma kaka tana da izinin da uwa ba ta da shi, saboda haka kullum bayan magariba sai in sa a kawo mini ita, in zaunar da ita a ƙafata in kira ta, daga maƙoshi, in ja ri ɗin. Da farko ko waiwayowa ba ta yi, Ummi ta sani. Makon jiya tana tsakar gida ta ba ni baya, tana fama da murfin kwano, na kira ta sau ɗaya ba da ƙarfi ba. Ta tsaya. Ta karkata kai gefe, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Na'am."